Kwalbar Aubin ta Ƙarshe

Firmin ya ci amanar matacce. A hankali ya ci ta, shekara da shekaru, idonsa biyu. Duk wanda ya ce tsautsayi ne bai san maganar ba.

Ƙanensa Aubin ya rasu a hunturun shekarar da aka haifa wa shi Aubin ɗin 'ya, Noélie. Kafin ciwo ya kwantar da shi ya riga ya matse inabin gonarsa na waccan kakar, ya kuma ce a ware wa jaririyar rabonta na jar giya, a ajiye sai ranar aurenta, kamar yadda iyaye ke yi. Firmin ne ya ɗura ta a kwalabe, ya kwantar da su a lungun ɗakin ƙasa na gidan gado. Babu takarda a jikinsu, sai sunan yarinyar da aka rubuta da alli a bango.

Ta farko ya buɗe ta ne saboda wani ɗan kasuwa daga birnin Lyon na nan Faransa da ya ɗanɗana giyar Firmin ya yamutsa fuska. Firmin ya shiga lungu ya ɗauko ta Aubin ya zuba masa. Bai ce tasa ce ba, bai kuma ce ba tasa ba ce. Mutumin ya kurɓa, ya lumshe ido, ya sayi kaya da yawa. Daga nan hanya ta buɗe. Yau baƙo mai wuyar sha'ani, gobe surukin da ake son burgewa. Kullum sai ya ce wa kansa guda ɗaya ce kawai. Hannun Aubin ya fi nasa, ya sani, kuma duk yabon da ya karɓa a kan waɗannan kwalabe bai taɓa yi masa daɗi ba. Amma bai daina ba.

Ranar da aka sa bikin Noélie ya sauka da kyandir ya duba lungun. Kwalba ɗaya ce ta rage.

Yana iya hawa ya faɗi gaskiya. Maimakon haka ya tattaro tsofaffin kwalaben da ya shanye, ya cika su da giyarsa ta shekarun baya kaɗan, ya toshe, ya shafa musu ƙura da baƙar gansakukar bango har suka zama kamar sun tsufa a wurin. Ta gaskiyar ya sa ta a bakin layi. Ita za ta je teburin amarya. Sauran jama'a kuwa, ya ce, kafin a zo kanta kowa ya riga ya yi nisa da sha.

Berthe, uwar amarya, a kan giyar mijinta ta tsara abincin biki gaba ɗaya. Ta sa aka yanka tsofaffin zakaru, za a dafa su a hankali da albasa da man shanu har naman ya saki ƙashi.

“Ba barkono, ba ruwan tsami a ganye,” ta gaya wa masu girki. “Cukun ma mara ƙarfi. Tsohuwar giya kamar uwar mijina take, in kuka ɗaga mata murya sai ta yi shiru ta ƙi magana.”

Noélie ta kama hannun Firmin tana dariya. “Baffa, kai ka san ta. Yaya take?”

“Sai kin ji da bakinki.”

“Muryar mahaifina ban taɓa ji ba. To bari dai in ji hannunsa.”

Ana gobe biki Firmin ya je garin Beaune ɗauko kofunan gilashi. Tsohuwar giya sai an tsayar da ita kwana guda guggubinta ya kwanta, Berthe kuma ba ta jira shi ba. Da ya dawo ya tarar ta kwaso kwalaben da kanta, ta tsayar da su a kan dogon tebur a rumfar biki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga wannan a haske, ya ɗaga waccan. Baƙin gilashi, ƙura iri ɗaya. Aikinsa ya yi kyau har ya ɓatar da shi. Goge su kuwa ba dama, ƙurar ita ce abin alfahari. Ya zaɓi guda da ka, ya kai teburin amarya.

Washegari da rana aka kawo zakaru, ƙamshi ya cika rumfar. Aka raba kwalabe tebur tebur. Firmin ya miƙe ya zuba wa amarya da hannunsa. Tun kafin kofin ya kai rabi ya san ya yi kuskure. Giyar da ta kai shekarun Noélie launin tsohon jan bulo take yi. Wannan baƙa ce wuluk, tana ƙyalli.

Berthe ta sunsuna, ta ajiye kofin ba ta kai baki ba.

Tsoho Célestin, maƙwabcin da suka yi yankan inabi tare da Aubin, ya kurɓa ya juya a baki. “Kai Firmin, me kuke ba tsohuwar nan? Ko furfura ɗaya ba ta da ita. In akwai sauran maganin ka sam mini.”

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi tsawo ba. Kowa a ƙauyen ya san giya, kowa kuma yana kallon kofinsa.

Can ƙarshen rumfa, inda abokan ango 'yan Paris suke, wani saurayi ya ɗaga murya. “Ku kun yi sa'a, Baba! Tamu ta lalace. Kamar ruwan tsatsa, tana warin ganyen daji. Sai da muka zuba mata ƙanƙara da lemo ta shawu.”

Célestin ya tashi da sandarsa ya taka har can. Ya ɗauki kwalbar ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Sannan ya cire hularsa.

“Aubin ne,” ya ce.

Ya kawo ta a rungume, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Abin da ya rage a gindinta bai wuce cokali biyu ba, rabi ma guggubi ne. Noélie ta juye shi a kofi mai tsabta. Ta gutsiri naman zakara ta tauna, ta kurɓi rabi ta riƙe a baki, ta miƙa wa uwarta sauran. Baƙin guggubi ya maƙale mata a haƙori.

“Kin yi gaskiya, Mama. Da an sa barkono da ya kashe ta.”

Firmin yana tsaye har yanzu, kwalbar ƙaryarsa a hannu. Ya so ta zage shi. Ya so ango ya shaƙe masa wuya, ko Berthe ta watsa masa miya a fuska. Noélie ta dube shi kawai, ta goge bakinta.

“Baffa, da ka ce mini guda ce ta rage, ai da ni da Mama mun zauna a kicin mun raba. Ta ishe mu.”

Firmin ya ajiye kwalbar. Ya zauna. Aka ci gaba da biki, aka yi rawa, ba wanda ya ƙara kallon inda yake.

Ba a kai shi ƙara ba. Noélie ta karɓe gonar ubanta da yake nomawa, ta ba wani. A walimar ƙarshen kaka, inda kowane manomi ke zagayawa da kwalbarsa mafi kyau yana zuba wa maƙwabta, Firmin yana zuwa duk shekara da tasa. Ba wanda ke miƙa masa kofi. A cike yake komawa da ita gida.