Teburin da Ba a Buga wa Suna Ba

Ina ajiye kwanon kunu ke nan Rufa'i ya shigo da wani ƙarfe a naɗe cikin tsumma.

"Baba Dogara, kafil ya ce khalas, ba sauran jira. Ran Alhamis mai saye zai zo, a buga wa teburin."

Baba bai ɗago ba. Yana sunkuye kan teburin, yana manna wani ɗan katako da bai kai farcena ba. Maƙwabcinmu ne a unguwar Old Airport ta Doha, ɗakinsa a ƙasa, ni da maigidana Ghali a sama. Kafinta ne daga Zariya, yana gyara wa wani Balarabe tsofaffin kayan Turawa, shi ne kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Rufa'i kuma direban Balaraben ne.

Teburin na rubutu ne, daga Faransa, ƙafafunsa sirara kamar na barewa. Furannin da ke kansa ba fenti ba ne, ƙananan katakai ne kala-kala aka yanka aka jera. Da aka kawo shi rabinsu sun zube. Baba ya taɓa gaya min masu yin irinsa sukan buga sunansu a ƙarƙashi, kuma sunan ake saye. Wannan an kifa shi an duba, babu komai. Shi ne kafil ya sa aka ƙera hatimin ƙarfe da sunan wani gwanin Bature da ya mutu tun kafin jihadin Shehu.

"Kai ka buga mana," in ji Baba. "Ba ka da hannu?"

"Ni sitiyari na iya. In na buga, ko makaho zai ce jiya aka yi." Rufa'i ya rage murya. "Baba, iƙamarka ta zama a ƙasar nan ta kusa ƙarewa. In kafil ya ƙi sabuntawa aka mayar da kai gida, wa zai yi maka wankin ƙoda?"

Ya ajiye ƙarfen ya fita. Ni ma tsoron da nake ji ke nan. Na ga yadda ƙafafun Baba ke kumbura in ya makara zuwa asibiti.

Na ce, "Baba, Baturen nan ya daɗe a ƙasa. Ƙara zai kai ka?"

"Maman Uwais, ɗan wani za a liƙa wa wani uban, kuma ni ne shaida. Wanda ya yi wannan ya ƙarar da idonsa a kai. Ban san sunansa ba, amma na san ba wancan gwanin ba ne."

"To lafiyarka fa?"

"Miƙo min kunun, ya huce."

Warin gam ya cika ɗakin, ga zafi. Ya sa ƙafa ya tura ƙarfen ya tokare ƙofa da shi don iska ta shigo.

Ran Laraba Rufa'i ya dawo, Baba ya ce masa gobe. Bayan la'asar ya aika a kira ni. Hannunsa ya kumbura, silifa ma ta ƙi shiga ƙafarsa. Saura ganyen fure ɗaya. Ya shafa gam ya ɗora.

"Danne min da babban yatsa. Kar ki motsa, ba tuwo kike tuƙawa ba."

Na danne har yatsana ya yi sanyi. Ya duba, ya ce madalla, ya jingina da bango.

Da safe Ghali ya taso daga gadi ya leƙa gaishe shi. Ya same shi kwance a kan sallaya, ya riga ya cika.

A nan Doha aka binne shi. Da Ghali ya dawo daga maƙabarta na tambaye shi ko an sa alama. Ya ce lamba ce kawai.

Da yamma Rufa'i ya zo da ma'aikata su ɗauki teburin. Idonsa ja. Da suka ɗaga, na zura hannu ƙarƙashi na shafa daga wannan gefe zuwa wancan. Sumul.

"Ina ƙarfen?" in ji ɗaya daga cikinsu.

Rufa'i ya dubi ƙasa wajen ƙofa, ya dube ni. "Yalla, mu je, ku yi a hankali da ƙafafun," ya ce, ya tsallake ƙarfen.

Bayan motar ta tafi na ɗauko kwanona. Ban rufe ƙofar ba. Iska tana shigowa tana ɗan motsa ɓarɓashin katako inda teburin ya tsaya.