Dutsen da Fasto Shikuku Yake Hawa

A cocinmu na garin Webuye, in Fasto Shikuku zai hau dutse yin azumi, sai kowa ya shaida. Ya ɗaga wayarsa sama, ya kashe ta, ya jefa cikin akwatin baiko, dattawa su datse da kwaɗo. Kwana bakwai babu shi babu duniya. Ran da ya sauko, mu mata mu yanka masa kaza mu tuƙa ugali, tuwonmu na masara.

Bana sau huɗu ya hau, ga bikin 'yarsa Rael ya matso. Ni kuwa, Naliaka, Allah ya ba ni ido. Mutum ya yi mako bai ci ba, ya dawo da kumatu kamar fanke? Kai an aske tal, har gira, wai alkawari ne tsakaninsa da Ubangiji. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin haushinsa. Shi ya sauke ni daga shugabancin mawaƙa, wai muryata tana firgita jarirai. Na rantse sai na sauke shi daga mumbari.

Na kai ƙara wurin ƙanwata Nanjala, mai gyaran waya a kasuwa.

Ta ce, "Yaya, 'yar na'urar intanet ɗin coci, wadda ake sawa a aljihu, tana ina?"

"Da ita yake tafiya. Wai kada matasa su shanye data."

Ta kwashe da dariya har da buga tebur. "Kawo min kwalinta. Ke ba ki san kowace waya munafuka ba ce? Tana cikin jaka tana sansano duk na'urar intanet da ta gifta, ta ɗauki lambarta da inda ta gan ta, ta kai wa kamfani, don taswira ta riƙa gane hanya. Tasa wayar tana kulle, to na mutane fa? Kwandasta, mai gasa masara, duk sun kai gulmarsa ba su sani ba. Wanda ya san lambar, tambaya kawai zai yi."

Na sato kwalin daga ofishin coci. Ta kwafi lambar, ta ɗan daddanna, sai ga ɗigo a kan taswira. Babu dutse, ko tsauni babu. Wani layi ne a tsakiyar birnin Eldoret.

Wayyo daɗi! Ran nan ko abinci ban iya ci ba.

Na tara mawaƙa goma, muka sa anko, muka ɗauki shatar matatu, ƙaramar bas ta haya. Matarsa, Mama Fasto, da ƙyar na jawo ta. Na zaunar da ita gidan gaba na ce, "Mama, ki daure. Yau za ki ga dutsen da idonki, mu ga ko yana sa jan-baki."

Har muka isa, murza gefen mayafinta kawai take yi.

Ɗigon ya tsayar da mu a bakin wani gida mai koren ƙofa. Na ce wa Nekesa, ɗaya daga cikin mawaƙan, ta kunna bidiyo kai tsaye zuwa zauren coci na WhatsApp, kada wani ya ce ƙage na yi. Na ja waƙa da muryar nan mai firgita jarirai, suka amsa. Maigadi ya buɗe mana ƙofa da sauri.

Ya ce, "Sannunku da zuwa, iyaye. Allah ya saka. Ba kowa ke tunawa da su ba."

Ban gane ba, ban kuma tsaya tambaya ba. Muka kutsa.

A baranda muka same su, mutum takwas ko tara a jere kan kujeru, duk kai tal, babu gira. Masaukin masu zuwa asibiti karɓar maganin ciwon daji ne. Na'urar tana kan taga tana ƙyafta koren haske, wata tsohuwa ta raɓe kusa da ita tana magana da jikokinta a waya. Fasto yana can ƙarshe, lulluɓe da bargo da tsakar rana, bokiti tsakanin ƙafafunsa.

Waƙar ta mutu a bakinmu ɗaya bayan ɗaya. Ni ce ta ƙarshe da na yi shiru. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi.

Ya dube mu, ya dubi wayar da ke hannun Nekesa. Mutum ɗari da sittin suna kallo.

Ya ce, "Naliaka, har yanzu kina hawa sama da kowa a baiti na biyu."

Sannan ya juya ga matarsa, murya ƙasa-ƙasa. "Na so in bari sai an gama bikin Rael in gaya miki. Saura kwana tara kacal."

Mama Fasto ta ajiye jakarta, ta durƙusa, ta gyara masa bargon. Wayarta ta fara ruri cikin jakar, ba ta ko waiwaya ba. Ni na fi kusa, ni na ciro ta. Rael ce ke kira.