Bugu Ɗaya, Cokali Ɗaya

"Ba a kunne ba, Ummu Shahhat! A baki!"

Muryar maƙwabciyarsu Sitt Tafida ce ta ratso ta tagar da ke tsakanin gidajen biyu, sai Badriyya ta ji sanyi a ranta. Da hantsi aka kawo mijinta Shahhat daga gonar rake a amalanken jaki, yana ta amai, jiki zafi rau, kai kamar zai tsage. Surukarta Ummu Shahhat ta riga ta ɗaure masa kai da ɗankwali ta murɗe da makullin ƙofa, tana shirin ɗiga masa ruwan gishiri a kunne don ta fitar da zafin ranar da ya shige shi. Likita kuwa sai la'asar zai dawo daga birnin Kena.

"Haka iyayenmu suka yi," in ji tsohuwar.

"Shi ya sa maƙabarta ta fi garin girma. Badriyya 'yata, tafasasshen ruwa lita guda, sukari cokalin shayi shida, gishiri rabi."

Shekara talatin Sitt Tafida ta yi tana aikin jinya, kuma bakinta bai taɓa yin ritaya ba. Wata biyu ke nan ciwon zuciya ya kwantar da ita.

Shahhat ya shanye kofi guda, ya dawo da shi duka.

"Inna, ba ya zama!" Badriyya ta fashe da kuka.

"Wa ya ce ki yi masa ɗura? Bari ya huta tukuna. In na bugi bango, cokali ɗaya."

Sandar Sitt Tafida ta bugi bango, cokali ya shiga. Haka suka yi ta yi. Ummu Shahhat tana gunaguni, amma ita ke jiƙa tawul tana yi masa fifita.

Bayan azahar bugun ya fara rauni, daga nan ya ɗauke ɗif. Ƙafar Badriyya na son tashi, amma leɓen Shahhat har yanzu a bushe yake. Ta tura surukarta ta dubo Sitt Tafida, ita kuma ta ci gaba da tazarar da aka koya mata. Da kururuwar mutuwa ta tashi a gidan Sitt Tafida, hawaye ya zubo mata, amma ko ɗigo bai zube daga cokalin ba.

Likita ya zo, ya ja fatar hannun Shahhat, ya duba harshensa.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Ummu Shahhat ta miƙe ta gyara baƙin mayafinta. "'Yar layinmu ce, likita. Irinta ba ku da ita ko a Alƙahira."

Washegari da safe, da ɗan marigayiyar ya iso, aka fito da makara. Shahhat ya ƙi jin magana, ya dafa bango ya fita, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makarar. Daga bakin ƙofa Badriyya tana kallon bayan rigarsa, gumi yana jiƙa ta a hankali.