Aljanar da Ta Hau Mas Prasojo

"Ku danne shi! Kai, kama ƙafar mana!"

Misnadin yana tsugune a bakin rafi yana tsinkar ganyen miya ya ji ihun. Ya watsar da ganyen ya ruga. A gaban tanti ya tarar ƙarti huɗu sun danne Mas Prasojo, ɗaya daga cikin baƙin da ya rako, a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Pak Hendarto, shugaban ofishinsu, ya kama babban yatsan ƙafarsa yana matsawa da iyakar ƙarfinsa, yana tsawa: "Wace ce ke? Faɗi sunanki! Fita!" Mbak Ratri, abokiyar aikinsu, tana gefe tana kuka, amma kukan bai hana ta riƙe waya tana ɗauka ba.

Prasojo kuwa ya tuɓe riga ya jefar. Idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa, leɓensa ya yi shuɗi-shuɗi, yana ta sambatu wai zafi yake ji, a kunna masa fanka.

"Me kuke yi masa haka?" in ji Misnadin.

"Matsa, Cak Din, wannan ba aikin ɗan dako ba ne," in ji Pak Hendarto, don haka suke kiran Misnadin. "Gimbiyar dutsen nan ce ta hau shi. Ɗazu ya yi fitsari a gindin bishiya bai nemi izini ba. Ku miƙo gorar ruwan da na tofa!"

Ran Misnadin ya ɓaci har wuya. Su takwas ne, ma'aikatan wani ofishi a birnin Surabaya, maigidansu ya kwaso su tafiyar kwana biyar a kan dutsen Argopuro wai don ƙarfafa zumunci. Shekara tara Misnadin yana ɗaukar kayan irinsu daga ƙauyen Baderan ya tsallaka da su ɗaya gefen. Tun shekaranjiya a ƙauye ya gaya musu: wannan watan Yuni ne. Damina ta ɗauke, amma takan waiwayo sau ɗaya ko biyu ta yi ban kwana, kuma farkon rani shi ne lokacin da saman nan ya fi sanyi, har ciyawar filin Cikasur, inda suka yi zango yanzu, takan kwana da ƙanƙara. Suka yi dariya. Ɗan birni in ya ji an ce rani, abin da yake saya shi ne baƙin gilashi da man shafawa don rana. To yau da azahar ruwa ya dake su awa biyu cur, sama ta washe, iskar kudu ta taso. Kuma da idonsa Misnadin ya ga Pak Hendarto ya karɓe rigar ledar Prasojo ya lulluɓe jakar kyamararsa da ita. Bawan Allah ya ƙarasa tafiyar cikin wandon jins da 'yar shet.

Wani ya miƙo gorar. Misnadin ya riga Pak Hendarto cafkewa, ya tuntsurar da ruwan a ƙasa.

"Kai! Ruwan addu'a ne!"

"Ruwan rafi ne, Pak, ni na ɗebo shi, haƙori ba ya iya riƙe shi don sanyi. In kuka watsa masa wannan, gobe a kafaɗa zan sauke shi. Ba aljana ba ce. Sanyi ne ya shige shi har ya daina rawar ɗari."

"Sanyi? Mutum yana cewa zafi yake ji, ya cire riga, ka ce sanyi? Makaranta nawa ka yi?"

"Aji shida na firamare, Pak, shi ma ta taga na fita. Amma shekara uku da suka wuce na sauko da wani ɗalibi daga daidai filin nan, naɗe cikin leda. Shi ma zafi ya ce yana ji. Abokansa sun matsa masa yatsa har ya kumbura. Uwarsa na jiransa a bakin hanya da abinci a kwano. Ku sake shi!"

Ba wanda ya sake shi. Duk suka kalli maigidansu. Abin da ya fi ƙona wa Misnadin rai ke nan. Ƙarti masu digiri, ko atishawa za su yi sai sun duba fuskar oga.

"Ka kiyaye ni," in ji Pak Hendarto. "Kalma ɗaya zan rubuta wa masu ba ku izini, ba za ka ƙara ɗaukar ko buhun shinkafa a dutsen nan ba."

"Rubuta, Pak. In biro ya ƙare akwai gawayi a jakata. Kawu! Kawu Sahwi!"

Kawu Sahwi, ƙanen mahaifiyarsa, shi ne mai dafa wa ayarin abinci. Dattijo ne da ba ya wuce kangon gimbiya a can ƙololuwa sai ya ajiye mata furanni da sigari ɗaya. Ya taho a hankali, ya sunkuya ya sa bayan hannunsa a cikin Prasojo, ya jima, sannan ya miƙe.

"Gimbiya dai akwai ta," ya ce. "Amma wannan sanyi ne. Bari in ɗora ruwa."

Wannan ya sa hannuwa biyu suka saki. Misnadin bai jira sauran ba. Ya ture su da kafaɗa, ya tallabi Prasojo a hankali kamar tiren ƙwai, ya shige tanti da shi. Ya shimfiɗa tabarmin roba biyu, ya ɗora jakunkuna a kai don kada ƙasa ta ci gaba da tsotse ɗumin jikinsa. Wandon jins ɗin ya manne ya ƙi fita, sai ya sa wuƙa ya farke shi daga ƙugu har ƙasa.

"Innalillahi! Tsirara zai yi masa!" in ji wani daga waje.

"Mbak Ratri, ajiye wayar nan don Allah, ba biki ake yi ba. Kawo min duk busasshen abin da ke jakarki. Hula, safa, ko zanen salla ne. Ku kuma ku ci gaba da addu'a, ina so, amma da baki ake yin ta, ba da yatsan mutum ba."

Ya goge shi tas, ya sa masa hula, ya cusa shi cikin bargon kwana mai zif. Kawu ya miƙo gora biyu na ruwan ɗumi naɗe da safa, aka sa masa a hammata. Sai Misnadin ya tuɓe tasa rigar, ya shige bargon ya rungume shi ƙirji da ƙirji. Kamar ya rungumi kifin da aka ciro daga firij.

"Wannan wane irin iskanci ne?" in ji Pak Hendarto daga ƙofar tanti.

"Ni ma ba daɗi nake ji ba, Pak. Wata biyu da aurena, ga abin da nake runguma. In kana kishi, shigo ta bayansa, akwai wuri, kuma ka fi ni kitse."

Wani ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Pak Hendarto ya ja zif ɗin ƙofa da ƙarfi.

Aka daɗe. Misnadin yana ta surutu a kunnen mutumin don kada ya yi barci: ya zagi jins, ya zagi kyamara, ya tambaye shi sunan matarsa sau goma ba amsa. Hasken da ke ratsa tantin ya koma ja. A waje ɗawisun daji suka fara kukansu na yamma. Can sai ya ji jikin da ke hannunsa ya motsa, sannan ya kama karkarwa, haƙora na haɗuwa kaf-kaf-kaf.

"Yauwa! Yi ta rawa, Mas, yi ta rawa! Kawu, ya fara rawar ɗari! Kawo shayin citta, ka zuba sukari kamar ba gobe."

Da cokali aka fara ba shi. Da ya iya riƙe kofi da kansa, ya dubi Misnadin, ya dubi yagaggen wandonsa a kusurwa.

"Wulan," ya ce. "Sunanta Wulan. Tana da ciki wata bakwai."

"Madalla. Yanzu zan fita in gaya wa ogan nan naka abin da ya yi, a gaban kowa. Rigar ledarka ya karɓe ya rufe kyamara. Kyamara, Mas!"

Prasojo ya riƙe masa hannu. Riƙon ba ƙarfi, amma ya riƙe.

"Don Allah, Cak. Ina jin abin da suke cewa. Bar shi a aljana." Ya rage murya. "In aljana ce, ba laifin kowa. In sanyi ne, laifinsa ne, kuma kowa ya gani. Ba zai yafe min ba. Kwantiragina watan gobe zai ƙare."

Misnadin ya kalle shi. Ya ji kamar ya fasa tukunya. Mutum ya leƙa kabari ya dawo, abin da ke ransa kada ran oga ya ɓaci. Ya buɗe baki zai yi masifa, sai ya tuna da Wulan da cikinta, ya rufe. Ya mayar da rigarsa ya fita.

Suna tsaye cirko-cirko kusa da murhu, rabinsu har yanzu cikin jiƙaƙƙun kaya, suna makyarkyata. Pak Hendarto kaɗai ne cikin ƙatuwar jaket ɗinsa ja mai laushi, wadda tun a mota yake faɗin ƙasar da ya sayo ta. Wayar Mbak Ratri ta dawo hannunta.

"Ya farfaɗo ko?" in ji Pak Hendarto. "To faɗa musu gaskiya, Cak Din. Kai ɗan nan ne. Ita ce ko ba ita ba ce?"

Misnadin ya dubi tanti.

"Ita ce, Pak. Ka yi gaskiya. Har ta yi min magana kafin ta fita."

Aka matso.

"Mbak, ɗauka da kyau, ki sa kowa ya gani. Ta ce ba ta son a matsa wa mutum yatsa, ba ta son a watsa masa ruwa, duk wanda ya ƙara sai ta bi shi har gida. Ta ce ta tsani jiƙaƙƙen kaya. Duk wanda rana ta faɗi yana sanye da su, shi ne na gaba."

Kafin ya rufe baki mutum uku sun yi cikin tantinsu, ana jin ƙarar zif ta ko'ina.

"Sai na ƙarshe," in ji Misnadin. "Ta ce har yanzu tana shawagi a kansa. Ba za ta rabu da shi ba sai ya kwana uku cikin rigar shugaban ayari. Ja, ta ce. Ta ma kwatanta aljihun."

Pak Hendarto ya dubi jaket ɗinsa. Ya dubi wayar da ke kallonsa. Ya dubi Kawu Sahwi, ko zai ce wani abu, amma Kawu yana juya taliya a tukunya kamar kurma. A hankali ya zuge zif ɗin, ya tuɓe, ya miƙa. Iskar kudu ta same shi cikin 'yar shet, ya rungume hannuwansa.

Misnadin ya kai jaket ɗin tanti, ya dawo ya tsuguna kusa da murhu. Kawu ya zuba masa shayi, bai kalle shi ba.

"Jibi za mu wuce ta ƙofar gimbiya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kai za ka shiga gaba. Kuma sigarin daga naka za a cire."