Dandurmar Karima

Likitar ta ɗora Mainasara a kan sikeli, ta dubi allura, ta dube shi, ta ce ya sauka kafin ya ɓata musu kayan aiki. Da wasa ta faɗa, amma takardar da ta rubuta babu wasa a ciki. Kilo goma sha biyar zai zubar, in ba haka ba ciwon suga na bakin ƙofa, gwiwoyinsa kuwa tuni sun fara kai ƙara.

Bai yi musu ba. Tela ne a Kasuwar Libiya, ya auna ƙugun rabin Omdurman bai taɓa auna nasa ba. Dama can mai jiki ne, tun da matarsa Karima ta rasu wata uku da suka wuce kuma sai abin ya zama na ful, dafaffen waken nan, da man riɗi yana iyo a kai, burodi huɗu, shayi kamar zuma.

"Diktora, dandurma fa?" ya tambaya yana neman takalminsa da ƙafa.

"Ya Hajji, da furfurarka?" Ta yi dariya. "Shikenan. Ƙarama ɗaya a mako, bayan ka ci abinci. Ranar kuma shayinka babu suga, ka ƙara tafiya a ƙasa. Kwayyis, ka yarda?"

Ta ɗauka kwaɗayi ne, shi kuma ya bar ta a haka. Ina amfanin gaya wa baƙuwa cewa sana'ar Karima ke nan? Garin 'ya'yan kuka take damawa da madara da sugan katin rabo da take tarawa, ta ɗaure a ƙananan leda, ta daskarar a tallaja, wato firji, unguwa ta zo ta saya a bakin ƙofa. Ranar da ta faɗi, tallajar cike take. Ya yi ta sha uku uku kullum kamar mai gaba da kansa, sai da ya dawo daga asibiti ya ƙirga ya tarar saura goma sha ɗaya. Da likita ba ta tsawata ba, da cikin kwana huɗu ya shanye abin ƙarshe da hannun Karima ya taɓa a gidan nan.

Sai ya ware Juma'a. In ya sauko daga masallaci ya ci gasasshen kifinsa da salak, ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ya ciji kusurwar leda ya riƙa tsotsa a hankali. Gidan shiru ne. Ɗansu Mazin ya tsallaka Jidda tun lokacin da sojoji suka fara sauke samari daga mota suna kai su aikin soja na dole, 'yar kuma tana aure a Kasala. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa tun bayan sadakar arba'in, kamar yadda mutane kan yi. Kaɗaici ya ci shi sosai, amma minti goman nan na Juma'a yakan ji kamar ba shi kaɗai ba ne.

Manyan maƙiyansa su ne masu ɗauke wuta. Sukan ɗauke ta tun hantsi, wani lokaci sai gobe. Da ya ji tallaja ta yi tsit sai ya lulluɓe ta da barguna biyu a zafin da ke narkar da kwalta, ya hana kansa buɗewa, ya sha ruwan tulu. Duk da haka ledojin sukan yi laushi, su sake daskarewa. Kilo kuwa na ta zuba. Yana takawa kasuwa a ƙasa, har ya rage wa jallabiyarsa faɗi sau biyu, abokan rumfa suna tsokanarsa wai sabon aure yake shiri.

Juma'a ta goma sha ɗaya bai iya ɗauko ledar ƙarshe ba. Ta goma sha biyu ma haka. Ya bar ledar nan guda ɗaya a kwance, yana leƙa ta kawai.

Ran wata Talata da azahar aka buga ƙofa. Hajo ce, yayar Karima, tun daga unguwar Hajj Yusuf, mota uku da gada biyu. Ta zube a kan gadon igiya tana fifita da gefen mayafi, leɓɓanta sun bushe.

"Abu Mazin, kai ne wannan? Mashallah, ka koma saurayi! Ba ni abu mai sanyi, wallahi maƙogwarona ya ƙone."

Babu wuta tun asuba, tulu ya yi ɗumi, kantin unguwa a rufe. A garin nan kuwa ba a barin baƙo ya shigo daga rana a miƙa masa ruwan ɗumi alhali akwai mai sanyi a gida, ko da maƙiyi ne, balle Hajo. Ya daɗe a tsaye gaban bargunan. Sannan ya yaye su, ya ɗauko, ya ɗora a faranti ya kai mata.

Ta fizge kusurwar da haƙori. Tana zuƙa tana ba shi labarin tsadar gawayi da auren jikarta, shi kuma idonsa na kan ledar tana motsewa. Ko minti uku ba a yi ba ta matse sauran a baki, ta yamutsa fuska.

"Wannan ta kwana biyu, duk warin tallaja. Wa ke sayar muku da ita yanzu? Allah ya jiƙan Karima, ko kusa ba ta kai tata ba."



"Haka ne, Yaya," ya ce. "Amin."

Ya karɓi farantin da ledar a kai, ya shiga ciki ya ɗora mata shayi.