Awon da Tela Ya Riƙe

Tun da Tela ya buɗe shago bai taɓa rubuta awon kowa ba. Zai zagaye mutum da tef, ya yi ɗan gunaguni, ya taka zuwa tebur ya ɗauki almakashi, shi ke nan. Masu rubutawa kuwa dariya yake yi musu, wai kansu na ɗora hula ne kawai. Taurin kai gare shi, amma ɗinkinsa ba ya ƙarya.

Wata safiya hawan jini ya kayar da shi a bakin keken ɗinki. Ya sha jinya ya tashi. Hannu ya dawo, ƙafa ta dawo, bakin ma ya dawo da tsiwarsa. Tsohon abu duk yana nan daram a kansa, sabo ne ba ya zama. Tsakanin kafaɗar mutum da teburin yanka, sai awo ya zube. Ya tsaya da almakashi a hannu yana kallon yadi, kunya ta rufe shi. Sannu a hankali masu kawo ɗinki suka janye jiki.

Autarsa, wadda su biyu suka rage a gidan tun rasuwar mahaifiyarta, ita ta ja shi asibitin da ake gwajin wata na'ura. Wata likita ta ɗaura masa hula mai wayoyi, da soso biyu jiƙaƙƙu a goshi.

"Wuta ce 'yar kaɗan, Baba," in ji likitar. "Ba yanka, ba allura. Tana zaburar da wajen da ke riƙe abu na ɗan lokaci ne, ko sassan ƙwaƙwalwar za su koma jin juna. Ban yi maka alkawari ba fa."

"To ƙara wutar, 'yar nan. Kan nan ya fi naki tauri."

Ƙaiƙayi kawai yake ji. Haruffa na wucewa a fuskar kwamfuta, shi kuma ya danna idan wanda ya gani ɗazu ya dawo. Da makonni suka tura sai ya fara cankewa. Likita ta ce lallai akwai ci gaba, amma a wasan haruffa ne, aikin shago kuwa wani abu ne daban. Tela bai tsaya jin ƙarshen maganar ba.

Ana haka Auta ta samu aikin koyarwa. Ya buɗe akwatin marigayiya matarsa, ya ciro wani shuɗin yadi da ta saya ta ajiye, ajali bai bari ta ɗinka ba.

"Da wannan za ki fara shiga aji," ya ce.

"Baba, don Allah bari in rubuta awon."

"Ki rubuta? A shagona? Wutar da na sha ta banza ce?"

Ta miƙa hannuwa. Ya auna ta tsaf, ya nufi tebur yana maimaita lambobin a ransa. Wata mota ta danna hon a ƙofar shago, ya ɗan waiga. Da ya juyo gabansa ya faɗi, sai ga lambobi sun zo masa cif, ba gargada, kamar dā. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya sa almakashi ya yanka.

Da rigar ta kammala, Auta ta shiga bayan labule ta sa ta fito. Ita doguwa ce siririya. Kafaɗar rigar ta zubo mata, hannun bai kai wuyan hannu ba, ƙugun kuma ya yi mata yawa. Ɗinkin kuwa babu inda za a kushe.

"Ta yi kyau, Baba," ta ce. "Ɗan ragewa kawai za a yi."

Ya ƙura wa rigar ido. Ya san wannan kafaɗa, ya san wannan ƙugu, shekara da shekaru yana yanka su. Awon Auta ya zube masa a hanya, tsohon da ke kwance a kansa ne ya taso ya cike gurbin.

"Cire ta, Auta," ya ce a hankali. "Ba taki ba ce. Ta mamanki ce."

Ta cire tana kuka, ta ninke ta ajiye a tebur. Tela ya zare tef daga wuyansa ya ɗora a kan rigar.

"Mayar da su akwatin tare."