Ƙafar Jemimah ta Hagu

Aikina a Samaru shi ne feɗe kwaɗi. A ɗakin gwaje-gwaje na jami'a nake shirya wa ɗalibai kayan darasi: in fitar da tsokar sha-raɓar kwaɗo tare da farar jijiyar da ke shiga cikinta, siririya kamar zaren ɗinki. Idan aka taɓa jijiyar da 'yar wuta kaɗan, sai tsokar ta zabura ta tsuke. Idan ɗalibi mai gaggawa ya matse jijiyar da hantsaki, ko wutar Kainji za ka jona mata, tsokar nan ba za ta sake motsi ba. Tsoka ba ta da ra'ayin kanta, abin da jijiya ta kawo mata shi take yi.

Matar yayana Japheth, wato Happiness, ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. Maimakon Keziya, Mai kwaɗi take ce mini, ni kuma Likitar Dogarawa nake ce mata, da sunan unguwarsu, kuma babu mai wasa a cikinmu. Ta taɓa zama a wani kemis a Sabon Gari, a nan ta koyi tsira allura, daga nan ta zama mai ceton unguwa. Matan zumunta na cocinsu ba su yarda da ƙwaya ba, su dai allura, don ita ce ke shiga jiki. Happiness kuwa ba ta ƙin kowa, da kwalin allurarta a kan firji.

A damina 'yarsu Jemimah, da ke aji biyu a firamare, ta yi zazzaɓi ta warke, ta tashi tana jan ƙafar hagu. Lokacin shan inna na yawo a gari, don haka kowa ya ce shi ne. Aka yi addu'a, aka shafa man zaitun, aka ce a bar wa Allah. Ni ba a ma gaya mini ba sai da wata ya kusa cika.

Ranar Lahadi bayan sujada na hau bas na je. Na tarar da falo cike da matan zumunta, Fasto yana shan kunu. Jemimah ta taso tarbata, sai na ga yadda take ɗaga gwiwa sama sosai, tafin ƙafar yana reto, yatsun suna sharar siminti. A kan babban yatsan akwai ƙuna da ta fara ruwa. Na tambaye ta, ta ce garwashi ne ya faɗo mata, ba ta ma sani ba sai da Mama ta gani.

Raina ya ɓaci nan take. Shan inna yana kashe motsi, amma yaro yana jin zafi sarai. Wannan ƙafar motsi da ji duka ta rasa. Na ciro fil daga ɗankwalina, na ce ta rufe ido. Na tsikare ta a cinya ta zabura, na tsikari saman ƙafar, tana ta murmushi tana jiran in fara.

Na juya wajen uwar. "Maman Jemimah, a ina kika tsira mata allura?"

Ta ce ba ta gane ba. Na ce ta gane sarai. Babbar jijiyar ƙafa ta tsakiyar ɗuwawu take bi, shi ya sa ake allura can sama ta gefe, kuma duk wanda ya yi wata guda a kemis ya kamata ya sani. Japheth ya ce in rage murya akwai baƙi. Fasto ya ce a yi haƙuri a yi magana daga baya. Happiness ta ce wadda ba ta taɓa haihuwa ba ce za ta zo ta koya mata riƙon ɗa, in koma wajen kwaɗina.

Wannan ya ƙone ni, ban ɓoye ba. Na ce idan aka ci gaba da kiran abin shan inna, tsokar gaban ƙwauri za ta shanye, ta baya ta ƙanƙance, ƙafar ta daskare a haka har abada. Sannan na faɗi abin da ya fi komai fitowa da ƙarfi, a gaban kowa.

"Ba inna ce ta sha ta ba. Ke kika kashe mata ƙafa, kuma kin sani tun ranar da kika tsira mata allurar ta ƙwalla ƙara."

Happiness ba ta musa ba. Matan zumunta suka fara neman takalmansu. Jemimah na tsaye a tsakaninmu, ta riga ta buɗe ido.

Washegari Japheth ya kai ta asibiti. Likita ya tabbatar jijiya ce, ya ce ba ta tsinke ba, tana iya farfaɗowa a hankali cikin watanni, in dai ta dawo ta tarar da tsokar da sauran amfani. Aka ba su takalmin roba mai tallafe tafin ƙafa, aka nuna musu yadda za a riƙa tanƙwaro ƙafar sama safe da yamma, ba fashi. Akwai zafi, don tsokar baya tana ji, kuma ta riga ta fara tauri. Japheth direba ne, rabin mako yana hanyar Legas. Ni ina Samaru, kuma an daina gaishe ni a gidan.

Duk da haka na koma ranar Asabar, don ban yarda da matar nan ba. Tun daga ƙofa na ji rigima. Jemimah ta maƙure a lungun gado ta ƙanƙame ƙafarta, uwar na durƙushe a gabanta, ta rame, idonta ja. Ashe tun da suka dawo daga asibiti yarinyar ba ta bari an taɓa ta ba.

"Kada ki taɓa ni," in ji Jemimah. "Anti Keziya ta ce ke kika kashe ta."

Happiness ta ɗago ta kalle ni, kallon da babu neman sulhu a cikinsa. Sai ta fizgo yarinyar ta kwantar da ita, ta danne gwiwar da hannu ɗaya, ta kama tafin ƙafar da ɗayan ta tura sama. Jemimah ta fasa kuka tana dukan fuskarta, tana cewa ta tsane ta, ba uwarta ba ce. Happiness ba ta kare fuska ba, ba ta kuma saki ƙafar ba.

"Kina tsaye kina kallo?" ta ce mini. "Zo ki riƙe mata hannu. Kin gama naki da baki, nawa kuwa safe da yamma ne."

Na ajiye jaka na hau gadon, na riƙe hannayen Jemimah. Ta juyo ta gantsara mini cizo a wuyan hannu, ni ma ban saki ba.